Mun tsare Baba a ɗaki, mun bar Umma a bakin murhu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce babba a gidanmu, ina aure a cikin Kano. Mahaifina yana da shekara 63, ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Wata biyar da suka wuce ya sami bugun zuciya, aka buɗe masa jijiyar da ta toshe aka sa wata 'yar waya a ciki, kuma Allah ya ba shi sauƙi. Tun da ya dawo gida muka karɓe makullin motarsa, muka hana shi kasuwa da majalisa, masallaci ma sai ranar Juma'a. Yanzu ya rage magana, abu kaɗan sai faɗa, rannan har ya ce mun binne shi da ransa. Mahaifiyata kuwa tana da shekara 56, shekara biyu ke nan da likita ya ce hawan jini ya raunana mata zuciya, tana shan magani, amma ita ce mai girki, ita ce mai jinyar Baba. Ta daina zuwa Islamiyya da biki. In an tambaye ta sai ta ce lafiya lau, amma na sha iske ta tana kuka ita kaɗai. Ƙannena maza sun ce in aka bar Baba ya fita wani abu ya same shi, alhakin yana wuyana. Don Allah mene ne daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya ƙara wa Baba da Umma lafiya, ya sa abin da ya same su ya zama kaffara, ke kuma ya saka miki da alheri. Ban ga laifin tsoronku ba, domin duk wanda ya taɓa ganin mahaifinsa dafe da ƙirji, gumi yana keto masa, ana neman motar da za ta kai shi asibiti, ba zai so ya sake ganin irin wannan rana ba, kuma zai yi duk abin da yake zaton zai hana ta dawowa. Sai dai tunda gaskiya kika nema, ga ta: masu ciwon zuciya biyu ne a gidanku, ɗaya kun tsare shi fiye da yadda ciwonsa yake buƙata, ɗayar kuma kun manta cewa ita ma marar lafiya ce. Fushin Baba da kukan Umma tushensu ɗaya, domin kowannensu an raba shi da abubuwan da suke sa ya yi murnar wayewar gari, shi da sunan kariya, ita da sunan hidima.

Zan fara da Baba, tunda a kansa kuke jayayya. Abin da kuka yi masa shi ne abin da likitoci da kansu suke yi a da. Har zuwa tsakiyar ƙarnin da ya wuce, wanda ya sami bugun zuciya a Turai da Amurka akan kwantar da shi ne mako shida cur a gado, abinci ma a baki ake ba shi, bisa zaton cewa zuciyar da ta ji rauni tana son hutu irin na karayar ƙashi. A shekarar 1952 wasu likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka bayyana sakamakon wani abu da a lokacin aka ɗauka ganganci ne, wato tayar da majinyata daga gado a zaunar da su a kujera tun a kwanakin farko, sai ga shi waɗanda aka zaunar sun fi samun sauƙi da kwanciyar hankali. A watan Satumbar 1955 shugaban Amurka Eisenhower ya sami bugun zuciya yana da shekara 64, tsaran Baba ke nan, kuma likitansa Paul White, wanda aka san shi da hawan keke har cikin tsufansa, bai yarda a ajiye shi kamar kaya ba. Shugaban ya koma ofis, ya koma wasanninsa, ya kuma sake cin zaɓe a 1956.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da zaman da Baba yake yi shi ne wani gwaji da aka yi a birnin Dallas a 1966. An kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, mako uku a gado, don kawai a ga abin da kwanciya take yi wa jiki, sai ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake nemo mutanen nan biyar aka auna su, aka tarar cewa makonni ukun nan sun fi cin ƙarfinsu a kan shekara talatin na girma. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Naman ƙafa da na cinya yana zubewa in ba a mora shi, jini yana raguwa a jiki, zuciya tana koyon yin gudu a kan aiki kaɗan, mutum ya miƙe tsaye jiri ya ɗebe shi, suga da hawan jini su ƙara wuyar sarrafawa. Haɗarin da ke ciki shi ne, ranar da Baba ya taka zuwa bakin titi ya dawo yana haki, ƙannenki za su ce ai ga abin da muke gudu nan, alhali wata biyar na zama ne suka haifar da hakin. Da gaskiyar kifi da ya ce zama wuri ɗaya tsautsayi.

Kuma ba ƙafafunsa kaɗai kuka ɗaure ba. Mutumin da ya shekara talatin ko arba'in yana buɗe shago da safe, ana gaishe shi layi-layi, ana kawo masa rigima ya raba, da yamma ya zauna a majalisa a yi dara a ji labarin gari, girmansa da sanin kansa suna cikin waɗannan abubuwa ne. Ranar da 'ya'yan cikinsa suka karɓe masa makulli suka shata masa inda zai taka, ya wayi gari ya zama yaro a gidan da ya gina. Kaɗaici kuwa yana taɓa zuciyar kanta. Masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun tattara bayanan mutane sama da 180,000 a shekarar 2016, suka ga cewa kaɗaici da rashin cuɗanya suna tafiya da ƙarin haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya da kashi 29 cikin ɗari. Sannan kimanin mutum ɗaya cikin biyar da suka sami bugun zuciya suna faɗawa ciwon damuwa mai tsanani, har ta kai Ƙungiyar Zuciya ta Amurka a 2014 ta lissafa shi cikin abubuwan da ke taɓarɓara lafiyar wanda ya tashi daga wannan ciwo. A wajen maza, musamman dattawanmu da ba su saba faɗin abin da ke ransu ba, damuwa takan fito ne da siffar shiru da saurin fushi. Maganar da ya faɗa cewa kun binne shi da ransa, ki ɗauke ta a matsayin bayanin halin da yake ciki.

Ba ina cewa gobe ku buɗe ƙofa ku ce ya tafi duk inda ya ga dama ba. Iyakar abin da zuciyarsa za ta ɗauka likitan da ya duba shi ne zai shata, bayan ya ga hoton zuciyar ya san yawan ƙarfin da ya rage mata, wataƙila kuma ya ɗora shi a kan na'urar tafiya yana auna bugunta. Ranar komawa asibiti ku tafi da ɗaya daga cikin ƙannen nan masu tsoro, ku bar Baba ya yi tambayoyinsa da bakinsa: zai iya tafiya masallaci da ƙafa, zai iya tuƙi, zai iya zaman shago na awa nawa, nauyin kilo nawa zai ɗaga. Amsar da ta fito daga bakin likita a gaban kowa ta fi gardamar wata guda a tsakar gida. Ku kuma tambaya ko akwai shirin farfaɗo da masu ciwon zuciya a asibitin, ko a tura shi sashen masu gashin ƙashi su tsara masa motsa jiki. A Amurka irin wannan shiri yakan ɗauki zama 36 cikin mako 12, ana motsa jiki a gaban ma'aikatan lafiya ana koyon cin abinci da shan magani, kuma an tabbatar yana rage komawa gadon asibiti. Game da mota, a Ingila doka ta yarda mai motar kansa ya koma tuƙi bayan mako huɗu da bugun zuciya, ko ma bayan mako ɗaya in aikin buɗe jijiyar ya yi kyau. Baba yana wata na biyar.

In likita ya ba da izini, kada ku je neman wani baƙon atisaye, domin tsarin da ya fi dacewa da shi yana nan a unguwarku, shi ne masallaci. Ya fara da salla ɗaya ko biyu a rana, tafiyar minti biyar zuwa goma a hankali, wani yana rakiyarsa a makon farko, sannan a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk mako har ya kai minti 30 a yawancin kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, kuma in an rarraba su gida-gida ma sun ƙirgu. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne magana: in yana tafiya yana iya hira da abokin tafiyarsa, yana cikin iyaka, in kuwa numfashi ya hana shi ƙarasa jimla, ya rage sauri. Ƙirga saurin harbawar zuciya ba koyaushe yake faɗin gaskiya ba, saboda wasu magungunan da ake ba masu irin ciwonsa da gangan suke rage mata gudu. Ya guji tsakar rana daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ya rufe ƙirji da kyau a sanyin asubar hunturu domin sanyi yana tsuke jijiyoyi, kuma kada ya fita tattaki da cikakken ciki sai bayan kamar awa guda. In ya ji nauyi ko matsi a ƙirji, ko ciwo yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ya tsaya ya zauna, ya sa ƙwayar maganin ciwon ƙirji da ake sawa a ƙarƙashin harshe in an ba shi, in minti biyar suka wuce bai lafa ba a nufi asibiti ba tare da jiran komai ba. Magungunan hana daskarewar jini da aka ba shi saboda wayar nan kuwa, ko ya ji garau kada ya daina su sai likita ya ce, domin dainawa tana iya toshe wayar.

Majalisa ya koma, amma da sharaɗi uku da shi da kansa zai iya kiyayewa: kada ya zauna inda ake busa taba, ya yi hankali da tsire da kilishi da shayi mai cike da sukari, kuma kada ya karɓi maganin da aboki ya ce ya yi wa wane amfani. Shago ma ya fara da awa biyu ko uku da hantsi, ya zauna ya duba lissafi ya gaisa da jama'a, yara su yi ɗaukar dila. In mai son ƙwallo ne, ku sani cewa a gasar cin kofin duniya ta 2006 likitocin birnin Munich sun ga yawan masu bugun zuciya ya ninka fiye da sau biyu a ranakun da Jamus take wasa, don haka kallo a gida bayan ya sha magani ya fi masa turmutsitsin filin wasa. In yana da sha'awar kiwon tattabaru ko tumaki, ko 'yar gona a bayan gari, ku ƙarfafa masa gwiwa, domin abin da mutum yake tashi ya duba kowace safiya yana riƙe shi fiye da yadda muke zato.

Yanzu ga wadda ta fi tsaya min a rai, wato Umma. A wasiƙarki kin ba Baba jimloli da yawa, ita kuma kin faɗi ciwonta a layi guda, kuma ba ke kaɗai ba ce, haka muke yi wa mata a ko'ina. Ciwon Baba ya zo da hayaniya a rana ɗaya kowa ya gani, nata kuwa ya shigo a hankali da kasala da haki da kumburin ƙafa, abubuwan da ake cewa gajiya ce ko girma. Ko a ƙasashen da suke da shirye-shiryen farfaɗo da masu ciwon zuciya, an sha nuna cewa mata ba a tura su kamar yadda ake tura maza, waɗanda aka tura ma sukan fi yankewa a hanya saboda hidimar gida. Ciwon damuwa kuma ya kusa ninkawa a mata idan aka kwatanta da maza. Namiji in ya dawo daga asibiti akwai mai jinyarsa, mace in ta dawo sau da yawa tsintsiya da tukunya ne suke jiranta. Umma tana ɗauke da ciwon kanta, tana ɗauke da tsoron rasa mijinta, tana kuma shanye faɗan da yake yi saboda tsarewar da kuka yi masa, tunda ita ce kusa da shi dare da rana. Kalmar nan ta lafiya lau, ai kin san uwa ba ta faɗa wa 'ya'yanta wata amsa sai ita.

Wani zai ce ai aikin gida shi ma motsa jiki ne. Daka da tuƙin tuwo da wankin hannu da ɗaukar bokitin ruwa ayyuka ne na yunƙuri da riƙe numfashi, suna tunkuɗa hawan jini sama farat ɗaya, kuma ba a yin su a kan ma'auni, sai an gama ake hutawa ko da jiki ya ce a tsaya. Zuciyar da ta raunana ta fi son tafiya mai laushi wadda mai yi zai iya tsayawa duk lokacin da ya so. Ƙari a kan haka, aikin da aka yi don wajibi ba ya ba rai abin da Islamiyya take ba ta, inda za ta zauna cikin tsaranta, a biya karatu, a yi dariya, a tambaye ta labarin kanta. Abin da ya kamata ku sauke mata shi ne nauyi, ku bar mata mulki. Ta ci gaba da faɗin abin da za a dafa, ta ɗanɗana miya, ta yanka kayan lambu a zaune in tana so, amma muciya da taɓarya da bokiti su koma hannun wasu, a kuma nisanta ta da hayaƙin itace. Kada ku warkar da kuskure da irinsa ku mai da ita ɗaki kamar yadda kuka yi wa Baba. A nan ne ƙannenki za su nuna kulawarsu a aikace: su haɗa kuɗin mai taya aiki, ɗaya ya ɗauki kai Baba asibiti, ɗaya ya ɗauki sayen magani da jera shi, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ciwon Umma yana da nasa abubuwan lura dabam da na Baba. Ku saya mata sikeli ta riƙa hawa kowace safiya kafin karin kumallo, in nauyinta ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana 3, ko ƙafa ta ƙara kumbura, ko ta fara ƙara matashin kai don ta iya numfashi da dare, ruwa ne yake taruwa, a kai ta likita kafin ranar da aka ba ta. Gishiri shi ne babban abokin gabarta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, kimanin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da dunƙulen miya da kanwa, domin sinadarin da ke riƙe ruwa a jiki yana cikinsu duka. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma yi zargin kunun kanwa da wankan jego suna da hannu a ciki. Daddawa da citta da tafarnuwa da albasa suna gyara miya ba tare da wannan illa ba. Ta kuma guji magungunan ciwon gaɓɓai da ake saya a kemis ba tare da takarda ba, irin su diclofenac da ibuprofen, saboda suna tara ruwa suna wahalar da ƙoda. Kuma ku sani cewa bugun zuciya a mace yakan zo ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba, sai haki da tashin zuciya da ciwon baya ko muƙamuƙi da gajiya marar dalili.

Batun kukan, kada ki tunkare ta da tambayar yaya jiki, domin kin san amsar. Ki zauna kina yi mata kitso ko kina sa mata lalle, ki tambaye ta yaya take barci, me take marmari, wa take kewa a cikin ƙawayenta, yaushe rabon da ta ga 'yan uwanta. In kika ga barcinta ya lalace, cin abinci ya ragu, abin da yake faranta mata a da ya daina, kuma hakan ya wuce mako biyu, ki faɗa wa likitanta a fili, domin ciwon damuwa ciwo ne da ake magani, ba ƙarancin tawakkali ba ne, kuma akwai magungunansa da suka dace da masu ciwon zuciya. In ta taɓa furta cewa gara ta mutu ta huta, kada ki kwana da maganar. Sannan ki maido mata da mutanenta ɗaya bayan ɗaya. Islamiyya ko sau biyu a mako, a kai ta a ɗauko ta. Biki ko suna ta je ta yi awa ɗaya ko biyu, ta zauna inda iska take, ba sai ta shiga aikin girkin taro ba. In tana ɗinkin hula ko saƙa ko adashe a da, ki sayo mata zare ki kira matan zubin. Tattaki kuma ta fara da zagayen tsakar gida bayan la'asar, daga baya ta riƙa takawa gidan maƙwabciya, da sharuɗɗan tsayawa irin na Baba.

Akwai wata magana da kunya ba za ta bar ki ki yi ta da su ba, kuma ba ke ya kamata ki yi ta ba, amma ya kamata ki buɗe mata hanya. Ma'aurata da yawa suna ƙaurace wa juna bayan ciwon zuciya saboda tsoro, hakan kuma yana ƙara musu nisa da ƙunci, alhali likitoci sun ce wanda zai iya hawa matakalar bene hawa biyu ba tare da ciwon ƙirji ko haki mai tsanani ba, yawanci babu abin da zai hana shi zamantakewar aure. Ranar asibiti ku fita ku bar su da likita na 'yan mintuna. Ki kuma sa wani kawunku ko aminin Baba ya ja masa kunne game da maganin ƙarfin maza, domin haɗuwarsa da ƙwayar ƙarƙashin harshe tana iya kayar da jini ƙasa har a rasa rai, kuma an sha gano cewa wasu da ake talla da sunan na gargajiya an cuɗa su da sinadarin na bature a ɓoye.

Ibada ma tana cikin abin da ke sanyaya musu rai, don haka a sauƙaƙa musu ita yadda addini ya sauƙaƙa. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci Imrana ɗan Husaini da ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa, saboda haka ranar da sujada take kawo wa Umma haki, kujera ba abin kunya ba ce. Azumi kuwa a tambayi likita tun wata ɗaya ko biyu kafin Ramadan, musamman Umma in tana shan maganin da ke sa fitsari, don a gyara lokutan magani ko a faɗa mata ta ciyar. In suna da burin Umara, ku mai da shi abin da suke shiri dominsa tare: tsakanin Safa da Marwa kimanin mita 450 ne, sau bakwai ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, kuma akwai keken turawa ga wanda ya gaza. Dattijo da matarsa da suke ƙara minti biyu a tattakinsu duk mako don wannan tafiya ba sa buƙatar a tunatar da su fita.

Saura maganar alhakin da ƙannenki suka rataya miki. Babu wanda zai yi miki alkawarin cewa ciwon ba zai dawo ba, ko Baba ya fita ko bai fita ba, domin bugun zuciya yana samun mutane a kan gadonsu ma, kuma rai a hannun Allah yake. Abin da ke wuyanmu shi ne bin sababin da ilimi ya nuna ya fi, kuma ilimi ya nuna cewa motsi da ma'auni da cuɗanya da mutane sun fi zaman ɗaki kare shi. Baba kuma baligi ne mai cikakken hankali, shi ke da ikon zaɓar yadda zai yi sauran shekarunsa bayan ya ji bayanin likita, ku naku shi ne shawara da rakiya. Kada ki yi jayayya da ƙannenki a gabansa. Ki tara su, ki karanta musu wannan amsa, ku sa ranar asibiti tare. In likita ya amince, babban cikinsu ne ya kamata ya durƙusa ya miƙa wa Baba makullinsa, ya ce tsoro ne ya sa, a yafe mana.

Ba sai kin jira ranar asibiti ba kafin ki fara da Umma. Ranar Asabar ɗin nan ki je gida da wuri, ki karɓi girkin rana daga hannunta, ki kira aminiyarta ta Islamiyya ta zo su yi la'asar tare, ku shimfiɗa musu tabarma a inuwa ku ba su wuri. Ki gaishe min da su duka biyun, kuma ki sake rubuto min bayan kun ga likita.